Idan fayilolin jiran rsyslog suka cika faifan sabar

Alamar farko ita ce `df -h`, umarnin da ke nuna cikar faifai, ya nuna `/var` ya kai kashi 100. Ka leƙa `/var/log` ka tarar ba wani abin tashin hankali, logrotate, mai matse tsoffin log yana goge su, na aikinsa. Wurin da ya kamata ka duba shi ne babban fayil ɗin aikin rsyslog, manhajar da ke rubuta log (bayanan abin da ke faruwa a sabar) tana kuma aika su wata sabar: `/var/spool/rsyslog` a Debian da Ubuntu, `/var/lib/rsyslog` a RHEL da danginsa. A nan za ka ga dubban fayiloli masu suna irin `fwdRule1.00000001`, `fwdRule1.00000002`, da wani ƙarami guda ɗaya, `fwdRule1.qi`.

Waɗannan saƙonni ne da aka yi niyyar aika wa sabar da ke tattara log, ba su samu tafiya ba. Idan an saita layin jira da `queue.type="LinkedList"` aka kuma ba shi `queue.filename`, rsyslog yana riƙe saƙonni a RAM har su kai kashi 90 cikin ɗari na `queue.size`, daga nan ya fara zuba su a faifai. Da an samu hanya sai ya aika, ya goge fayil ɗin da ya gama da shi. To in suna ƙaruwa ba sa raguwa, ɗayan uku ne: hanya ta toshe, ko mai karɓa ya gaza saurin mai aikawa, ko kuma rsyslog ya manta da fayilolin gaba ɗaya.

Kada ka fara da `rm`. Goge fayilolin yayin da rsyslog ke aiki yana raba fayil ɗin `.qi` da gaskiyar abin da ke faifai, domin shi ke riƙe da lissafin inda aka tsaya da karatu da rubutu. Ƙari a kan haka, fayil ɗin da rsyslog ke riƙe da shi a buɗe ba zai saki wurinsa ba ko an goge shi, `lsof +L1` zai nuna maka hakan. In kana neman wurin numfashi cikin gaggawa, `journalctl --vacuum-size=200M` ko goge tsoffin fayilolin `.gz` na `/var/log` sun fi aminci.

Gano wanne ne cikin ukun

Yi `ls -ltr` a wurin sau biyu, da tazarar minti biyar. Idan fayil mafi ƙanƙantar lamba yana nan daram amma sababbi na shigowa, babu abin da ke fita. Idan na ƙasa na ɓacewa amma na sama sun fi su saurin haihuwa, matsalar sauri ce. Idan kuwa kwanan watan fayilolin na makonnin baya ne kuma ba abin da ke motsi, marayu ne.

Ga hanyar da ta toshe, `journalctl -u rsyslog` yakan nuna layi mai cewa `action suspended`. Gwada isa ga mai karɓa da `nc -zv sabar-log 514`, sannan `ss -tn` don ganin ko akwai haɗi a tsaye. Abubuwan da suka fi jawo wannan sanannu ne: an sauya dokar katangar tsaro, sunan sabar ya daina warwaruwa a DNS, faifan mai karɓar ma ya cika, ko takardar shaidar TLS ta ƙare wa'adi ga masu aikawa ta ƙofa 6514. A RHEL akwai wani tarko: `nc` zai wuce lafiya daga hannunka amma SELinux, tsarin tsaron da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta taɓa, ya hana rsyslog, idan ƙofar ba ta cikin waɗanda aka yarje masa. Duba da `semanage port -l | grep syslog`, ka ƙara da `semanage port -a -t syslogd_port_t -p tcp 5140` in ita kake amfani da ita.

Da hanya ta buɗe, ka bar shi ya kwashe da kansa. Zai ɗauki lokaci, tunda karatu daga faifai ya fi na RAM nawa.

Idan matsalar sauri ce, loda `impstats`, ɓangaren rsyslog mai fitar da ƙididdiga, da `module(load="impstats" interval="60")`. Zai riƙa ba ka `size` da `enqueued` na kowane layi, wanda ke kan faifai yana ɗauke da alamar `[DA]`. Sau da yawa za ka tarar manhaja ɗaya ce aka bari a matakin debug tana ambaliya. Tace ta kafin ta kai ga dokar aikawa ya fi ƙara faifai arha.

Marayun fayiloli

Nan ne aikin ke da sarƙaƙiya. Fayil ɗin `.qi` yakan lalace ko ya ɓata idan wuta ta ɗauke, ko an kashe rsyslog da `kill -9`, ko faifai ya cika yana tsakar rubutu. Idan rsyslog ya tashi sai ya kasa gane tsoffin fayilolin, ya bar su a zube. Haka ma idan wani ya sauya `queue.filename`, ko aka bai wa dokoki biyu suna ɗaya. A Ubuntu kuma rsyslog yana sauka daga root zuwa mai amfani `syslog`, don haka fayilolin da root ya mallaka ba zai iya buɗe su ba. `chown -R syslog /var/spool/rsyslog` ke warware wannan.

Tsayar da shi tukuna da `systemctl stop rsyslog`. A Debian da Ubuntu haɗa da `syslog.socket`, in ba haka ba saƙo na gaba zai sake tayar da shi. Kwafe dukan fayilolin zuwa wani faifai. Sai ka yanke shawara. In ana bukatar saƙonnin, misali don binciken tsaro, akwai rubutun Perl mai suna `recover_qi.pl` da ke sake gina `.qi` daga fayilolin da suka rage; gwada shi a kan kwafi. In abin ya ƙi, fayilolin ana iya karanta su, `grep -a pszRawMsg` zai fito da ainihin saƙonnin. In ba a bukatarsu, kawar da su duka har da `.qi`. Barin rabi shi ke dawo da matsalar.

Sa masa iyaka

Tushen abin shi ne yawancin misalan da ake kwafowa suna da `action.resumeRetryCount="-1"`, wato a yi ta gwadawa har abada, amma ba kowa ke sa iyakar faifai ba. Ga tsarin da ya dace:

```
action(type="omfwd" target="sabar-log" port="514" protocol="tcp"
  queue.type="LinkedList" queue.filename="fwdRule1"
  queue.size="50000" queue.maxDiskSpace="2g"
  queue.saveOnShutdown="on"
  action.resumeRetryCount="-1")
```

Lambar `2g` lissafi take so. A ce sabar na fitar da saƙo 100 a daƙiƙa, kowanne ya ci kusan kilobait 1 a faifai, tunda ana ajiye shi da ƙarin bayanai: kusan gigabait 8.6 ke nan a kwana guda. Gigabait 2 ba zai kai awa shida ba. Ka auna tsawon katsewar da kake son jurewa, ka bar rara, don rsyslog na iya ɗan zarce iyakar da kamar fayil ɗaya.

Sai dai iyaka tana da farashi. Idan faifai da RAM duka sun cika, kowane sabon saƙo zai jira daƙiƙa biyu, bisa saitin asali na `queue.timeoutEnqueue`, kafin a jefar da shi. Wannan jiran yana iya komawa baya ya rage saurin rubuta log na cikin gida. Gara ka zaɓi abin da za a zubar da kanka: `queue.discardMark="49000"` tare da `queue.discardSeverity="6"` za su jefar da info da debug su bar gargaɗi da kurakurai. In da hali, ware wa wurin jiran ɓangaren faifai nasa.

Kafin ka tayar, `rsyslogd -N1` zai duba saitin. Daga nan gwada da gangan: toshe ƙofar a katangar tsaro, aika saƙonni da `logger` har fayiloli su bayyana, buɗe ƙofar, ka tabbata sun ragu kuma saƙonnin sun isa can. A na'urar sa ido kuma saka ƙararrawa a kan shekarun fayil mafi tsufa a wurin jiran, misali idan ya wuce minti 30, domin wannan yakan riga cikar faifai da awoyi.