Kurakuran da aka fi yi wajen tsallaka Tekun Atlantika a jirgin ruwa lokacin kaka

Kuskuren farko tun wajen sayen tikiti ake yin sa. Mutum ya duba farashi da kyan jirgi, bai tambayi ta inda za a bi ba, alhali hanyar ce ke yanke irin ruwan da zai gani. Queen Mary 2, mai tashi daga Southampton ta Ingila zuwa New York, kwana 7 yake yi ta arewacin tekun, inda daga Oktoba iska ke ƙara ƙarfi, sanyi ya kankama. Su kuwa jiragen da ke barin Bahar Rum zuwa Florida ko Karebiyan a Oktoba da Nuwamba, da yawansu kudu suke gangarawa ta tsibirin Madeira ko tsibiran Kanari, su shafe wajen mako 2, ɗumi na ƙaruwa kullum. Mai saurin jiri, ta kudu ta fi masa.

Sai tsoron guguwa. Lokacinta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani wajejen 10 ga Satumba. Abin mamaki, da dama daga cikin waɗannan guguwoyi daga hadarin daminarmu suke samo asali: ya keta Afirka ta Yamma, ya faɗa teku wajen Cape Verde, can ya girma. Sai dai ba kasafai jirgi ke shiga cikinta ba, domin kyaftin na hango ta kwanaki kafin ta iso, ya kauce. Abin da ke riskar fasinja shi ne saƙon da ta aiko, wato dogayen igiyoyin ruwa masu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Nan ne ake ruɗuwa. Ka fito ka ga rana tas, ba ko ɗigon gajimare, amma shayin da ke kofinka sai kai-komo yake, ƙofar kabad na buɗe kanta, masu tafiya a baranda na tangaɗi suna dafa bango. Kada ka auna teku da sama. Saurari sanarwar kyaftin ta tsakar rana. In ya ce iska ta kai mataki na 8 a ma'aunin Beaufort, mai ƙarewa a 12, to a kama ƙarfe.

Zaɓen ɗaki ma haka. Kowa na son hawa na sama, can gaba, don kallo, kuma nan jirgi ya fi jijjiga. Nemi tsakiya, hawan ƙasa. Fikafikan da ke ƙarƙashin jirgi suna rage karkatar dama da hagu, amma ba abin da suke iya yi wa ɗagawa da dukan da goshinsa ke yi.

Maganin jiri kuwa, a sha tun zuciya ba ta fara tashi ba. Bayan amai ya zo an makara. Citta na taimaka wa wasu. Kwanciya da waya a hannu ƙara abin yake, gara ka fita ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa.

Ko ta kudu za a bi, kada ka cika jaka da kayan shan iska kaɗai. Gudun jirgin kansa na ƙara wa iska kaifi, don haka sa rigar sanyi da ta ruwa, da takalmin da ba ya santsi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar jadawali kamar alkawari. Ruwa na iya hana tsayawa a Ponta Delgada ta tsibiran Azores, ko ya jinkirta isowa. Kada ka sayi tikitin jirgin sama na safiyar ranar sauka. Bar tazarar kwana guda, ka kuma karanta takardar inshorarka ka ga ko ta ambaci jinkiri saboda yanayi.