Kyautar Kirsimeti ga jariri: ku fara da ƙirga watanninsa

Ƙanwata ta haifi ɗiyarta ta fari a watan Satumba, don haka Kirsimeti ya riski yarinyar tana da wata uku. Ɗoki ya ɗebe ni, na sayo mata wata ƙatuwar 'yar tsana mai gashi buzu-buzu, idanunta na roba manne da gam, ga jan ƙyalle ɗaure a wuya, idan an danna cikinta kuma ta rera waƙa. Ƙanwata ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ɗora ta can saman kabad. Sai bayan kwana biyu ta ce min, "Yaya, kada ranki ya ɓaci, amma ba zan iya ba ta wannan yanzu ba." Ta sauko da ita, ta sa farce a gefen ido ɗaya, sai ga shi yana motsi. Ta shafa gashin, ya biyo tafin hannunta. Ta juya bayanta ta nuna min murfin batir, wanda ko sukuru babu a jikinsa.

Tun daga ranar na daina zaɓen kyautar jariri da abin da ya burge idona. Yanzu tambayar da nake fara yi ita ce: wata nawa zai cika ranar 25 ga Disamba, kuma me zai iya yi da hannunsa da bakinsa a watanni ukun da ke biye? Kalmar "jariri" tana ruɗar mai sayayya. Ɗan sati shida da ɗan wata goma duk jarirai muke ce musu, alhali na farko bai ma san hannunsa nasa ba ne, na biyu kuwa yana rarrafe yana tsintar duk abin da ya faɗi ƙasa.

Daga haihuwa zuwa wata uku, jariri ya fi ganin abin da ke nesa da fuskarsa da santimita 20 zuwa 30, wato kamar tazarar da ke tsakaninsa da fuskar uwarsa lokacin shayarwa. Launuka masu sanyi, irin ruwan hoda da shuɗi mai haske da ake yawan yi wa kayan jarirai, ba su cika bayyana masa ba. Abin da ke kama idonsa shi ne baƙi da fari, layi mai kauri, da zanen fuska. Shi ya sa littafin ƙyalle mai zanen baƙi da fari ya fi duk wata 'yar tsana amfani a wannan lokaci. Ana jingina shi a gabansa idan an kwantar da shi rub da ciki, yana ɗaga kai don ya kalla, wuyansa yana ƙara ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jaririn da bai fara motsawa da kansa ba ya samu aƙalla minti 30 na kwanciyar rub da ciki a rana, a rarrabe, yana farke kuma ana kallonsa. To shimfiɗar wasa mai ɗan kauri wadda ake iya wankewa kyauta ce da za a yi amfani da ita kullum. Ita na kai wa ƙanwata daga baya, kuma a kanta yarinyar ta fara juyawa.

Daga wata uku zuwa shida hannu ya buɗe. Yana miƙa shi da niyya, ya damƙi abu, ya kai baki. Nan ne lokacin kacau-kacau, amma ku ɗauka ku auna nauyinsa a hannunku, domin jaririn zai buga wa kansa shi a goshi ba sau ɗaya ba. Ku zaɓi marar nauyi, mai siririn mariƙi da 'yan yatsunsa za su zagaye, wanda ƙarshensa ya fi ƙarfin shiga can cikin baki. Madubin jarirai wanda ba ya fashewa shi ma yana ɗauke musu hankali sosai. Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, galibi biyun ƙasa na gaba, amma ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau suna farawa tun kafin nan. Abin taunawa na roba mai laushi, wanda aka ƙera shi guda ɗaya ba haɗe-haɗe ba, zai yi aiki. Sarƙar duwatsu da ake rataya wa jarirai a wuya da sunan sauƙaƙa fitar haƙori kuwa, kada ku kusance ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a ƙarshen 2018, saboda tana iya shaƙe wuya, idan ta tsinke kuma ƙwayoyinta su tafi maƙogwaro.

Watannin da na fi jin daɗin yi wa sayayya su ne daga shida zuwa shekara. Yaro ya fara zama, sannan rarrafe, wajen wata tara kuma ya koyi ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. A daidai wannan lokaci ne yake gane cewa abin da aka ɓoye bai ɓace ba, yana nan a ƙarƙashin ƙyallen. Ku ba shi kofunan roba masu shiga cikin juna ku zauna ku kalla. Zai fara da taunarsu, ya koma buga biyu da juna, ya jefar ya leƙa ya ga inda suka faɗa, ya zuba ƙarami cikin babba ya juye. Bayan shekara ɗaya zai jera su sama, a wurin wanka kuma ya ɗebi ruwa da su. Na ga saiti guda ya yi wa yaro hidima har ya kusa shekara uku. Ƙwallo mai laushi da ya fi bakinsa girma, da littafin kwali mai kaurin shafi, su ma haka suke daɗewa. Abin da na lura shi ne, kayan wasan da ke yin komai da kansa, ya kunna wuta ya yi kiɗa ya juya, yaro kallo kawai yake yi, kwana kaɗan ya gundure shi. Wanda ba ya yin komai sai an taɓa shi, shi ne yaro ke komawa gare shi. Waya ko wani abu mai allo ba ya cikin lissafi sam, domin shawarwarin nan na 2019 sun ce a nisanta ɗan ƙasa da shekara ɗaya daga kallon allo.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ku ba shi lokaci, ko da za ku tsallake sauran. Duk abin da kuka ba jariri, bakinsa zai je. Masu gwajin kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an ɗauke shi a matsayin haɗari ga ɗan ƙasa da shekara uku. A gida kuna iya amfani da kwalin tsakiyar takardar bayan gida. Ya ɗan fi wancan faɗi, kuma hakan ya fi kwanciyar hankali. Kada ku tsaya kan girman abin wasan kaɗai, ku duba abin da zai iya ɓallewa daga jikinsa. Ku ja ido, ku ja hanci, ku murɗa maɓalli, ku bi ɗinki da yatsa. Idon da aka ɗinka da zare ya fi wanda aka manna. A jikin kwali ku nemi alamar nan ta jan da'ira mai fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai. Idan kun gan ta, ku ajiye. Wasu suna ɗauka shekarun da ake rubutawa ma'aunin wayon yaro ne, su ce ai namu yana da kaifin basira, zai iya. Maganar faɗin maƙogwaro ake yi, kuma na mai basira da na marar basira duk ɗaya ne.

Batir ɗin nan mai kama da kwabo shi ne ya fi ba ni tsoro. Yana cikin katin gaisuwa mai waƙa, da littafi mai sauti, da 'yan fitilun ado da ke cika gida a wannan lokaci. Idan ya maƙale a maƙoshin yaro, miyau yana sa shi ya fara aiki, kuma cikin awa biyu zai iya ƙona naman wurin ƙuna mai tsanani. Duk abin da ke aiki da batir, ku tabbata murfinsa sai da sukurudireba yake buɗuwa. Idan kuma kuna zargin yaro ya haɗiye shi, asibiti kai tsaye, ba a jiran alama. Ƙananan maganaɗisu su ma haka: idan biyu suka shiga ciki, suna janyo juna ta bangon hanji har su huda shi. Sai 'yan ƙwayoyin nan masu launi da ke kumbura idan sun sha ruwa, kyan ɗan maciji ke gare su, don a cikin hanji ma kumburar suke yi. Balan-balan kuwa, wanda ba a hura ba da guntun wanda ya fashe, yana manne wa hanyar numfashi yadda ciro shi ke da wuya. Igiya, zare ko ƙyalle mai tsawon da zai zagaye wuyan jariri, a yanke ko a bar abin.

Akwai kyaututtukan da kowa ke ganin sun dace, amma wurin barci suke nufa, kuma nan ne matsalar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwanta rigingine a kan katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, da zanin gado mai kama jikinta, ba filo, ba bargo, ba 'yar tsana, har ya cika shekara. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar da ta hana sayar da tausassun katangun gadon jarirai da gadajen barci masu gangare a ƙasar. Idan ɗumi kuke so ku ba shi, ku sayi rigar barci mai kama da buhu, wadda ake zugewa, daidai girmansa, kuma ba mai nauyi a ƙirji ba. Abin wasa mai reto da ake ratayawa saman gado don jariri ya riƙa kallo yana da kyau ga ɗan wata ɗaya ko biyu, amma ana cire shi wajen wata biyar ko da zarar yaro ya fara ɗagowa da hannu da gwiwa, don haka sayensa wa ɗan wata huɗu asarar kuɗi ce. Keken koyon tafiya mai taya ba na saye, ba na kuma ba da shawararsa. Ba ya sa yaro saurin tafiya, yana dai kai shi bakin matakala da wurin abu mai zafi kafin babba ya miƙe. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Tufafi ba su da wuya idan an tuna abu ɗaya: nauyin jariri yakan ninka biyu wajen wata biyar, ya ninka uku a shekara. Ku sayi girman gaba, ku kuma yi tunanin yanayin da za a shiga lokacin da rigar za ta yi masa daidai. Auduga, mai buɗewa ta ƙasa don sauƙin canza famfas, ba duwatsun ado.

Da na tambayi ƙanwata tun farko, da ban sayo waccan 'yar tsanar ba. Mutane suna jin nauyin tambaya, wai kyauta ba ta daɗi idan an san da zuwanta. Jaririn dai bai san ana Kirsimeti ba, ba zai kuma tuna ba. Iyayensa ne za su wanke abin, su nema masa wurin ajiya, su sa masa ido. Ku kira uwar ku ce, "Me kuke da shi da yawa, me ya ƙare?" Sau da yawa amsar ba ta da ƙyalli: famfas na girman gaba, tawul, ƙyallen goge miyau, ma'aunin zafin jiki. Wata shekara wata ƙawata da ke da ɗan wata biyu ta ce min ita barci kawai take so. Na sayi ɗan littafin ƙyalle don a sami abin buɗewa, sannan na je na riƙe mata yaron yamma uku a cikin makon, ta rufe ƙofa ta kwanta. Idan kuma kuna son abin da zai daɗe, ku rubuta wa jaririn wasiƙa da hannunku, ku sa kwanan wata, ku faɗi yadda yake a yau, irin dariyarsa da abin da ke sa shi shiru, ku ba uwar ta adana. Kayan da wani yaro ya yi amfani da su ba laifi ba ne idan an wanke an duba, sai dai kujerar mota ta jarirai, wadda ba a karɓa sai an san tarihinta, domin wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya lalacewa ta ciki ba a gani.

Abu ɗaya ko biyu sun isa. Tun a gida nake buɗe kwalin, in cire wayoyin da aka ɗaure abin da su, da alamar roba, da 'yar jakar ƙwayoyin tsotse danshi, in wanke abin in shanya, sannan in naɗe shi da takarda ba tare da kirtani ba. Ranar bikin, ku sa mutum ɗaya ya riƙa kwashe leda da guntayen takarda nan take, ya kuma lura da kayan wasan yayyen jaririn, don nasu ne ke da ƙananan gutsattsari, kuma a ƙasa suke zubar da su. Ku bari sai ya yi barci ya tashi, ya ƙoshi, sannan a miƙa masa. Idan ya kau da kai ko ya fara mutsu-mutsu, hayaniyar ta ishe shi, a ɗauke abin a kai shi ɗaki mai shiru, a sake gwadawa washegari.