Yadda za ka rubuta Makefile da tsohon Make ba zai yi maka ɓarna ba

Make shiri ne da ke gina manhaja ta hanyar bin umarnin da ka rubuta a fayil mai suna Makefile. Ka buɗe sabuwar Mac ka buga `make --version`, 3.81 za ka gani, sigar 2006. Apple ta tsaya nan ne saboda daga 3.82 lasisin GNU Make ya koma GPLv3, wanda ba ta so. CentOS 7 kuwa 3.82 ta zo da shi. To in kai kana Ubuntu 22.04 da 4.3, komai na tafiya sumul, kada ka ɗauka haka abin yake a kwamfutar abokin aikinka.

Abin da ya fi damuna da tsohon Make shi ne rashin gardamarsa. In ya ci karo da abin da bai sani ba, sau da yawa ba ya tsayawa, sai ya yi masa tasa fahimtar ya wuce.

Ɗauki `.ONESHELL`, wanda ya shigo a 3.82. Aikinsa haɗa duk layukan umarni su gudana a shell guda, wato shirin da ke gudanar da umarnin. Shi 3.81 kallon sunan wani fayil kawai yake yi masa, kowane layi ya tafi da nasa shell ɗin. Yanzu ka ce layin farko `cd build` ne, na biyu `rm -rf *`. Shigar da ka yi cikin build ta ƙare tare da layin farko, sharar kuma sai ta faɗa kan babban kundin aikinka. Ni dai ba na amfani da shi sam. Rubuta `cd build && rm -rf *` a layi ɗaya, kowace siga za ta gane.

Haka `!=` na 4.0, wanda ya fito a 2013, mai ajiye sakamakon umarnin shell a ƙarƙashin wani suna. Maye gurbinsa da `:= $(shell ...)`, ba ka rasa komai ba.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne `&:` na 4.3, mai nuna cewa umarni ɗaya ne ke samar da fayiloli biyu, kamar yadda shirin bison ke fitar da `.tab.c` da `.tab.h` daga fayil ɗin `.y`. Tsofaffin sigogi suna ɗaukar `&` a matsayin fayil na uku, kuma da ka sa `-j`, mai sa Make gudanar da ayyuka da yawa tare, sai umarnin ya tashi sau biyu lokaci guda, suna rubutu kan juna. Yau ginin ya yi, gobe ya ƙi. Maganinsa tsohuwar dabara ce: ƙa'ida mai alamar `%`, wato `%.tab.c %.tab.h: %.y`. Tun da can Make ya san irin wannan sau ɗaya ake gudanar da ita.

Alamar `#` a cikin `$(shell ...)` ma 4.3 ya sauya yadda ake karanta ta. Ajiye ta a gefe da `H := \#`, ka riƙa kiran `$(H)`.

In kuma dole sai da sabon abu, to sa Makefile ya ƙi tashi tun daga bakin ƙofa. Kada ka tsaya kwatanta lambobin `MAKE_VERSION`, Make rubutu yake ɗaukarsu, ba lissafi ba. Tambayi `.FEATURES`, jerin abubuwan da Make ɗin ya iya, wanda yake nan tun 3.81:

`ifeq ($(filter grouped-target,$(.FEATURES)),)`
`$(error Ana bukatar GNU Make 4.3 ko sama)`
`endif`

Ka faɗa wa masu Mac su yi `brew install make`, su kira shi da `gmake`, domin Homebrew, wato `brew` ɗin, ba ya taɓa na Apple. A cikin Makefile ɗin kuma kullum `$(MAKE)` za ka rubuta, ba `make` tsura ba, in ba haka ba mutum zai fara da sabo, ƙananan kundaye su koma hannun tsoho.

Sannan ka gwada da gaske. Sauko da 3.81 daga rumbun GNU ka ajiye shi a gefe, ko ka roƙi mai Mac ya gudanar da `make -j4` kafin ka tura canjin.