Idan kaya ya ji maka rauni: kurakuran da ke cinye haƙƙi

Babban kuskure shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci tun ba a tambaye shi ba: "Ai ni na jawo wa kaina." Shari'ar Stella Liebeck da kamfanin sayar da abinci na McDonald's ta isa misali. A 1992, a birnin Albukarki na Amurka, wannan dattijuwa mai shekara 79 tana zaune a mota, jikanta ya tsaya, ta matse kofin gahawa tsakanin gwiwoyinta don ta cire murfin ta zuba sukari. Sai ya kife mata. Wandon audugar da ke jikinta ya tsotse ruwan zafin ya manne da fata. Ta kwana 8 a asibiti, sai da aka yi mata dashen fata.

Ita ta zubar, babu musu. Amma a 1994 masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora mata kashi 20 cikin 100 na laifin, suka ɗora wa kamfanin 80, domin yana sayar da gahawar da zafinta ya kai maki 82 zuwa 88 a ma'aunin Selshiyas, zafin da ke cinye fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Laifi yana rabuwa. Don haka ka faɗi gaskiyar abin da ka yi, ka bar wa lauya ya auna sauran.

Wasu kuma gani suke da an buga gargaɗi a jikin kaya, magana ta ƙare. Kofin nan yana da gargaɗi, amma aka ga rubutun ya yi ƙanƙanta, bai kuma nuna girman haɗarin ba. Sai dai kada wannan ya zama hujjar ƙin karantawa. Wanda aka rubuta masa ƙarara kada ya kunna janareto a cikin ɗaki, ya kunna, ya raunana ƙararsa da hannunsa, in ma ya tsira da ransa.

Wanda ya fi damuna shi ne yin shiru. Abin da ya karya kamfanin a kotu shi ne takardunsa da suka nuna koke sama da 700 na ƙuna tsakanin 1982 da 1992. Da waɗancan mutanen sun ce ƙaddara ce suka haƙura, da babu wannan shaida. Yarda da ƙaddara ba ta hana ceton na bayanka. A Najeriya akwai hukumar FCCPC mai kare masu saye, abinci da magani kuma NAFDAC.

Kada haushi ya sa ka jefar da kayan. Adana shi da kwalinsa da rasit, ɗauki hoton raunin, je asibiti a rubuta. In ƙuna ce, ruwan sanyi mai gudana na minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Masu hangen miliyoyi kuwa su sani: dala 20,000 ta fara nema don kuɗin magani, kamfanin ya ce 800 zai bayar. Diyyar dala miliyan 2.7 da masu taya alƙali suka yanke don ladabtar da kamfanin, wadda ta yi suna, alƙali ya rage ta zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce.