Yadda ake mayar da fomulolin rahoton Excel zuwa SQL a rumbun bayanai na intanet

Dillalin taki mai shago a Sabon Gari, da wani shagon a Samaru, da wani a Ɗanmagaji, sau da yawa lissafinsa kaf yana cikin fayil ɗin Excel guda ne, wanda akanta ya yi shekaru yana ginawa. Shafin Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, kuma tun kafin a je nan yake fara nauyi, a buɗe shi a tafi salla a dawo bai gama lissafi ba. Shi ya sa ake komawa rumbunan bayanai na intanet irin su BigQuery na Google, Redshift na Amazon, ko Snowflake. Kwashe bayanan zuwa can ba shi da wuya. Fomulolin ne aikin, domin rumbun ba ya jin yaren Excel, SQL yake ji, wato yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, kuma akwai wuraren da su biyun za su ba ka lamba daban ba tare da ko ɗaya ya yi ƙorafi ba.

Misalan nan na BigQuery ne, saboda ana iya gwada shi kyauta ba tare da katin banki ba: gigabait 10 na ajiya da terabait 1 na tambayoyi a wata. Sai dai teburan da aka ɗora a wannan tsarin na gwaji suna gogewa bayan kwana 60.

Da farko, a zauna da akanta

Kada ka fara rubuta komai sai ka san abin da kowace fomula take nufi. Danna Ctrl tare da alamar ` a Excel, duk fomulolin shafin za su bayyana a maimakon sakamakonsu. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta ma'anar kowace da Hausa a takarda. A nan za ka tarar da gidajen da aka goge fomularsu aka buga lamba da hannu, da kuma lambobin da aka cusa cikin fomula ba bayani. Ka tambaya: "Malam, wannan 500 da ake cirewa a layin Samaru fa?" Ya ce maka: "Ai kuɗin dako ne, Alhaji ya ce a riƙa cirewa a kowane buhu." Wannan doka ce ta kasuwanci da ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma idan ta kuɓuce maka rahotonka ba zai taɓa daidaita da nasa ba. Ni a wurina wannan zaman ya fi duk abin da zai biyo baya muhimmanci.

Sai ka tsayar da magana ɗaya: layi guda a teburinka me yake wakilta? Rasit ɗaya, ko kaya ɗaya a cikin rasit, ko jimillar rana? Excel yana duba gida-gida, D2 da E2. SQL ba shi da D2, ginshiƙi yake gani da sunansa, ya yi aiki a kan layuka duka lokaci guda. A ce muna da tebur mai suna ciniki, kowane layi kaya ɗaya ne a rasit, da ginshiƙai rana, reshe, kaya, buhu, kudi da ragi.

Masu sauƙin

Fomular da ke tara buhunan kamfa na Samaru ita ce:

=SUMIFS(D:D, B:B, "Samaru", C:C, "kamfa")

Akanta yakan maimaita ta ga kowane reshe da kowane taki, kamfa da yuriya da sufa. A SQL umarni ɗaya ya wadatar:

SELECT reshe, kaya, SUM(buhu) AS jimilla
FROM ciniki
GROUP BY reshe, kaya

COUNTIFS ma haka take, da COUNT. Ita kuwa IF, ko mai hawa biyar ce, CASE take komawa:

CASE WHEN buhu >= 100 THEN 'sari' WHEN buhu >= 10 THEN 'matsakaici' ELSE 'kiri' END

BigQuery yana da IF nasa, Snowflake yana da IFF, amma na fi son CASE domin duk rumbunan uku suna karɓarsa. Sharaɗin farko da ya cika shi ake ɗauka, saboda haka a bar jerin yadda yake a fomular asali.

VLOOKUP, inda lissafi ke ninkuwa

Kowa zai ce maka VLOOKUP, fomular da ke nemo bayani daga wani tebur, ita ce LEFT JOIN, umarnin haɗa tebur biyu a SQL. Gaskiya ne, amma da saura. VLOOKUP mai FALSE a ƙarshe idan ta sami abin da take nema sai ta ɗauki na farko ta tsaya. JOIN ba ya tsayawa, duk layin da ya dace sai ya kawo shi. A ce a teburin farashi yuriya ta fito sau biyu saboda an canja kuɗinta ana tsakiyar damina. Excel zai ɗauki layin sama ya yi shiru. JOIN kuwa zai maimaita kowane cinikin yuriya sau biyu, buhu 200 su koma 400, kuma babu jan rubutun da zai gargaɗe ka.

Saboda haka kafin ka haɗa tebur biyu, bincika ko akwai maimaici:

SELECT kaya, COUNT(*) FROM farashi GROUP BY kaya HAVING COUNT(*) > 1

Idan wani abu ya fito, sai a koma wurin mai dukiya a ji wane farashi yake so. In na baya-bayan nan ne, a tace teburin tukuna:

SELECT kaya, farashi FROM farashi
WHERE TRUE
QUALIFY ROW_NUMBER() OVER (PARTITION BY kaya ORDER BY ranar_fara DESC) = 1

Amma mafi yawan lokaci abin da ya dace shi ne kowane ciniki ya ɗauki farashin ranar da aka yi shi. Sai a ba teburin farashi ranar fara da ranar ƙarewa, a haɗa da sharaɗin cewa ranar ciniki ta faɗa tsakaninsu. Ka kuma lura da VLOOKUP da aka bar ta ba FALSE ba TRUE: wannan mafi kusa take nema, ba daidai ba, kuma ita ma da sharaɗin tsakani ake fassara ta.

Gidan da babu komai

A Excel, idan ka cire gidan da babu komai daga 5,000, za ka sami 5,000, domin yana ɗaukar fanko a matsayin sifili. A SQL fanko NULL ne, kuma duk lissafin da NULL ya shiga NULL yake fitowa. Layin da ba a yi ragi ba, kudi - ragi zai ba da NULL, SUM kuma ya tsallake shi, ribar wata ta ragu haka kawai. Maganin shi ne kudi - COALESCE(ragi, 0). Kada dai a zuba COALESCE ko'ina ba tunani. AVERAGE na Excel da AVG na SQL duka suna tsallake fanko, in ka mayar da shi sifili ka jawo matsakaicin ƙasa.

Raba lamba da sifili kuwa, inda akanta ya rubuta IFERROR, BigQuery yana da SAFE_DIVIDE mai mayar da NULL, Snowflake yana da DIV0 mai mayar da sifili, sannan kudi / NULLIF(buhu, 0) yana aiki a ko'ina. Masu Redshift su kula, 7/2 a can 3 ne idan lambobin biyu cikakku ne, a BigQuery kuwa 3.5. Kuɗi kuma a ajiye su a ginshiƙi mai nau'in NUMERIC, ba FLOAT64 ba, don kada kwabo ya riƙa zamewa. Matsakaicin farashin buhu a wata shi ne SUM(kudi) a raba da SUM(buhu), ba matsakaicin farashin layuka ba, domin wanda ya sayi buhu 300 da wanda ya sayi ɗaya nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Rubutu da haruffanmu

SUMIFS ba ya bambance "Samaru" da "SAMARU". BigQuery yana bambancewa, har da tazarar da yatsa ya bari a ƙarshen kalma. UPPER(TRIM(reshe)) yana gyara waɗannan biyun. Abin da ba ya gyarawa shi ne namu na gida: yaron shago ɗaya ya buga Ɗanmagaji, wani Danmagaji, wani Dan Magaji, wani 'Danmagaji da waƙafi a gaba. Reshe ɗaya ya zama huɗu a rahoto. Ana iya bin su da REPLACE, amma gobe wani sabon salon zai ɓullo. Gara a gina ƙaramin tebur mai ginshiƙi biyu, yadda aka rubuta da yadda ya kamata, a haɗa da shi, duk sunan da bai sami abokinsa ba a fito da shi a duba.

Kwanan wata

Excel lamba yake ajiyewa a ƙarƙashin kwanan wata: 45292 ita ce 1 ga Janairu, 2024. Idan ta iso rumbu a haka, a juya ta da:

DATE_ADD(DATE '1899-12-30', INTERVAL lamba DAY)

Ana farawa daga 30 ga Disamba, 1899 ne saboda Excel yana ƙirga 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba a yi ta ba, kuskuren da ya gada daga tsohuwar manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3. In kuma rubutu ne kamar 03/04/2024, a faɗa wa rumbun cewa rana ce a gaba, da PARSE_DATE('%d/%m/%Y', rana), kada 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris irin na Amurka. TIMESTAMP na BigQuery, wato kwanan wata haɗe da lokaci, da agogon duniya na UTC yake tafiya, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka kuɗin da ya shigo ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa jiya sai an rubuta DATE(lokaci, 'Africa/Lagos'). Sannan DATE_DIFF na BigQuery ranar ƙarshe yake fara karɓa, DATEDIFF na Snowflake ranar farko, in aka juya su bashin kwana 40 ya fito -40.

Ragowar kaya a sito, wadda a Excel ake yi da gidan sama a tara da na yau, ita ce:

SUM(shiga - fita) OVER (PARTITION BY reshe, kaya ORDER BY rana, lambar_rasit ROWS UNBOUNDED PRECEDING)

Lambar rasit tana nan ne saboda tebur a SQL ba shi da sama da ƙasa sai wanda ka tsara masa.

A gwada da watan da aka rufe

Zaɓi wata guda da akanta ya riga ya rufe, Alhaji ya amince da lissafinsa. Fara da yawan layuka, sannan jimillar buhu, sannan kuɗi, reshe-reshe. Idan naka ya fi yawa, JOIN za ka fara tuhuma. Idan ya gaza, duba NULL da rubutun sunaye. Idan bambancin yana farkon wata ko ƙarshensa, agogo ne. Wani lokaci kuma za a tarar tsohon fayil ɗin ne da kuskure, wata SUM ta tsaya a layi na 5,000 alhali bayanai sun wuce nan. Wannan a nuna wa akanta shi kaɗai tukuna, cikin mutunci, kafin maganar ta je gaban mai gida.

Idan lambobi sun daidaita, a adana umarnin a matsayin VIEW, wato umarnin da aka ba suna ake kiransa kamar tebur, domin kowa ya riƙa ɗiba daga wuri ɗaya. A kula da kuɗi kuma: a tsarin biya gwargwadon amfani, BigQuery yana caji ne a kan yawan bayanan da ya karanta. SELECT * yana karanta ginshiƙai duka, LIMIT 10 kuma ba ya rage komai, kamar ka sa 'yan dako su sauke tirela guda ka ɗauki buhu goma, kuɗin sauke tirela za ka biya. Kira ginshiƙan da kake buƙata kawai, ka rarraba teburin ciniki bisa rana da PARTITION BY, ka kuma dubi ƙiyasin da shafin BigQuery yake nunawa na yawan bayanan da umarnin zai karanta kafin ka danna shi.