Yadda Ake Rubuta Muƙalar Neman Gurbin Karatu a Manyan Jami'o'in Amurka da Birtaniya

Wanda ya taso a tsarin JAMB ya saba da cewa maki ne ke yanke hukunci, domin idan ya kai adadin da ake so kuma sakamakonsa na WAEC ko NECO ya cika, mafi yawan abin da ya rage jiran fitowar sunaye ne. A manyan jami'o'in Amurka masu tsananin tace ɗalibai, maki matakin farko ne kawai. A shekarar 2024 sama da mutum 54,000 ne suka nemi gurbin digiri na farko a Jami'ar Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, wato abin da bai kai mutum 4 cikin 100 ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka bari suna da sakamakon da babu abin kushewa a cikinsa. Idan takardu suka yi kama da juna haka, sai masu tantancewa su koma ga abin da ɗalibi ya rubuta da kansa. Muƙala ba ta gyara sakamako mai rauni, wannan kam ya kamata a sani tun daga farko, amma a tsakanin ɗalibai masu ƙarfi tana cikin abubuwan da ke raba wani da wani.

Sama da jami'o'i 1,000, mafi yawansu a Amurka, suna karɓar takardun nema ta dandalin Common App, wanda ke buɗewa ranar 1 ga Agusta kowace shekara. Babbar muƙalarsa ba ta gaza kalma 250, ba ta kuma wuce 650, kuma akwai tambayoyi bakwai da ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga ciki, ta ƙarshensu tana ba shi damar ya yi rubutu a kan duk abin da ya ga dama. Saboda haka babu amfanin ɓata mako guda ana tunanin wace tambaya za a ɗauka, domin labari ake fara samu, sannan a duba wace tambaya ce ta dace da shi. Wasu jami'o'in suna da nasu tsarin daban. MIT ba ta cikin Common App, gajerun tambayoyi take yi a nata dandalin, Jami'ar Kalifoniya kuwa tana ba da tambayoyi takwas a amsa huɗu, kowace kada ta wuce kalma 350.

Kafin a ɗora alƙalami, yana da kyau ɗalibi ya tuna abin da ke gaban mai karanta takardunsa. Yana da sakamakon jarrabawa, yana da wasiƙun malamai, yana kuma da jerin ayyukan da ɗalibin ya yi a wajen aji, wanda Common App ya ware masa gurbi har goma. Duk wanda ya cika muƙalarsa da cewa ya yi shugaban ɗalibai, ya zo na ɗaya a gasar kacici-kacici, ya samu lambar yabo a lissafi, to ya maimaita abin da aka riga aka gani ne, ya kuma yi asarar wuri ɗaya tilo da za a ji yadda yake tunani.

Ɗalibanmu sukan faɗa cikin ɗaya daga ramuka biyu. Na farko daga tarbiyya yake fitowa: an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, don haka yaro yakan ji nauyin ambaton kansa, sai ya fake da manyan maganganu a kan muhimmancin ilimi da ci gaban Afirka, har muƙalar ta ƙare ba a san ko wane ne shi ba. Amma bayyana abin da mutum ya yi da abin da ya fahimta daga ciki ba yabon kai ba ne, ba da labari ne, kuma shi aka nema. Rami na biyu shi ne zaton cewa labarin wahala kaɗai ke taɓa zuciyar Bature, sai a jera talauci da rashin wutar lantarki da karatu da fitilar waya, wani lokaci har da ƙari a kan abin da ya faru. Masu tantancewa suna karanta irin wannan daga ƙasashe da dama, kuma abin da suke nema shi ne su ga wane irin ɗalibi ne zai zauna a ajinsu. Idan wahalar gaskiya ce kuma ita ta sauya rayuwar mutum, kamar rasuwar mahaifi ko barin gari saboda rashin tsaro, yana da cikakken haƙƙin ya rubuta ta, sai dai ya kamata kaso mafi girma na rubutun ya tafi ga abin da ya yi bayan faruwarta. Idan kuwa bayani kawai ake so a yi kan dalilin da ya sa sakamakon wani zango ya faɗi, akwai gurbin ƙarin bayani a cikin fom ɗin, can ne muhallinsa.

Batu mai kyau yawanci ƙarami ne, kuma yana kusa da mutum har ya daina ganinsa. A ɗauka wata ɗaliba ce a Zariya wadda tun tana ƙaramar sakandare take riƙe wa mahaifiyarta littafin bashi, domin mahaifiyar tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. A ganinta wannan ba abin faɗa ba ne, aikin gida ne. Amma a cikin littafin nan ta lura da cewa kafin masu bashi su biya, kuɗin tiyar gyaɗa ya tashi a kasuwa, sai ya zama lissafi yana nuna riba alhali gyaɗar da ake iya sayowa tana raguwa kowane wata. Ta kawo shawarar a riƙa rubuta bashi da adadin kwalaben mai maimakon naira, mahaifiyar ta yarda, amma ta cire mutum uku daga wannan tsari, ciki har da wata maƙwabciya da mijinta ya rasu, ta ce waɗannan ba a yi musu irin wannan lissafi. Ɗalibar ta ji haushi da farko, daga baya ta fara tambayar kanta mene ne littafin bashi ba ya iya rubutawa. Wannan muƙala ce cikakkiya, domin a cikinta akwai lura da ƙoƙarin gyara da saɓani da wanda ake girmamawa da kuma sauyin fahimta, sannan idan tattalin arziki take son karantawa, mai karatu ya ga inda sha'awar ta samo asali ba tare da an gaya masa ba.

Hanyar gano irin wannan batu ita ce ɗalibi ya zauna da takarda ya rubuta abubuwan da yake yi a mako waɗanda babu mai ba shi maki a kansu: gyaran waya a shagon yayansa, koyar da ƙananan yara a Islamiyya, kiwon tantabaru, riƙe kuɗin adashi, rakiyar kakarsa asibiti yana yi mata tafinta. Sai ya tambayi kansa a wanne ne ya taɓa sauya ra'ayi, ko ya gwada wani abu bai yi ba ya sake dabara. Addini ma ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda ya haddace Alƙur'ani yana da abin faɗa, muddin ya nuna yadda aikin yake, wato tashin asuba da tilawa da yadda ya gano hanyar riƙe ayoyi masu kama da juna, maimakon ya mayar da muƙalar wa'azi.

Jimlar farko tana da nauyi, domin mai karatun yana da tarin takardu a gabansa kuma mintuna kaɗan yake ba kowace. A kwatanta waɗannan biyun. Ta farko: "Tun ina ƙarama nake da burin taimakon al'ummata ta hanyar ilimi." Ta biyu: "A shafi na uku na littafin akwai sunan wata maƙwabciya da bashinta bai taɓa raguwa ba, kuma Umma ta hana ni zuwa karɓa." Ta farkon ɗalibai dubu za su iya sa mata hannu, ta biyun kuwa mutum ɗaya ne zai iya rubuta ta. Wannan gwajin ya dace da kowace jimla a cikin muƙalar: idan wani zai iya ɗaukarta ya sa a tasa ba tare da ya sauya komai ba, a cire ta ko a sa mata abin da ido ya gani. Sai dai kada labari ya cinye wurin gaba ɗaya. Ni a ganina, idan abin da ya faru ya ɗauki kusan rabi, sauran ya kamata ya tafi ga tunanin marubucin, kuma an fi so tunanin ya riƙa ratsa labarin maimakon a tara shi a sakin layi na ƙarshe a ce ga darasin da aka koya.

Da Turanci za a rubuta, kuma nan ne salon insha'in makaranta yake cutar da mutane. An saba ba da maki ga manyan kalmomi da karin maganar Turawa da aka haddace, amma a wannan muƙala jimla mai sauƙi wadda ta faɗi abu takamaimai ta fi daraja. Dabara mai amfani ita ce ɗalibi ya fara ba wani abokinsa labarin da baki, da Hausa ma idan ya fi sakewa, ya naɗi muryarsa a waya, sannan ya saurara ya ga inda ya yi dariya da inda abokin ya tambaye shi sai kuma me ya faru, domin a nan ainihin labarin yake. Kalmomi irin su adashi ko tsangaya a bar su yadda suke, a bi su da bayani na rabin jimla, kada a mayar da muƙalar darasin al'adun Hausawa. Idan an gama daftarin farko, wanda ba laifi ya kai kalma 900, sai a ajiye shi kwana biyu, a dawo a karanta da ƙarfi, a yanke. Sau da yawa sakin layin farko gaba ɗaya share fage ne kawai, kuma muƙalar ta fi kyau idan ta fara daga na biyu.

Bayan babbar muƙala, yawancin manyan jami'o'i suna da nasu gajerun tambayoyi, kuma kuskure ne a bar su sai daren ƙarshe. Wadda ta fi yawa ita ce me ya sa ɗalibi yake son wannan jami'a. Amsar da ta tsaya ga cewa jami'ar ta yi suna a duniya ba ta ce komai ba. Sai an shiga shafin sashen da ake so, an duba kwasa-kwasan da ake koyarwa da binciken da malamai ke yi, an zaɓi abu biyu ko uku da suka haɗu da abin da mutum ya riga ya fara. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023, wanda ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai amma ya bar ƙofa ga ɗalibi ya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, jami'o'i da dama sun ƙara tambaya a kan inda mutum ya fito da abin da zai kawo wa jama'ar makarantar. A nan ma unguwa ɗaya ko gida ɗaya da aka bayyana da kyau ya fi dogon bayani a kan Najeriya ko Nijar.

Birtaniya daban take, kuma wanda ya aika muƙalar littafin bashi yadda take zuwa Oxford ko Cambridge bai fahimci abin da aka tambaye shi ba. Ta UCAS ake nema, wato dandalin neman gurbin jami'o'in Birtaniya, ana iya zaɓar kwas har biyar, kuma bayani ɗaya da ɗalibi ya rubuta ne ke zuwa ga dukkansu, don haka ba a ambaton sunan jami'a a ciki. Iyakarsa harafi 4,000, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Daga masu neman shiga a 2026 an raba shi zuwa tambayoyi uku: me ya sa ake son wannan fanni, ta yaya karatun da aka yi ya shirya mutum, sannan me ya yi a wajen makaranta don shiri. Malaman fannin ne galibi ke karantawa, kuma ilimi suke nema. Ɗalibarmu ta Zariya za ta ambaci littafin bashin a jimla biyu, sannan ta wuce ga abin da ta karanta a kan hauhawar farashi, da inda ta yarda da marubucin da inda ba ta gamsu ba. Kada a ambaci littafin da ba a karanta ba, domin Oxford da Cambridge suna ganawa da ɗalibai kafin ɗauka, kuma ana iya tambaya daga ciki.

Neman taimako halal ne, amma yana da iyaka. Malamin Turanci ko wani babba da ya san ɗalibin zai iya cewa wannan wurin bai fito ba, ko kuma wannan ba maganarka ba ce, sai ɗalibin ya koma ya gyara da kansa. Masu karatu biyu sun isa, domin idan suka yi yawa kowa zai goge wani abu har muryar ta ɓace. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan neman karatu a Amurka. Amma sayen muƙala daga masu rubutawa don kuɗi, ko kwafo ta daga intanet, ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, duk zanen aro ne, ba ya rufe katara. UCAS tana da manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da na wasu kuma tana sanar da jami'o'i, Common App kuma ya sa gabatar da rubutun ƙirƙirarriyar basira a matsayin na kai cikin abin da yake ɗauka a matsayin zamba. A 2024 Jami'ar Duke ta daina ba muƙala maki na lamba saboda ba ta da tabbacin wane ne ya rubuta, amma ta ci gaba da karantawa don sanin ɗalibin, abin da ke nuna cewa santsin Turanci ya rage daraja, abin da ke cikin labarin kuma ya ƙara.

Game da lokaci, wanda zai nema a zagayen farko na jami'o'in Amurka, wanda yawanci ke rufewa a farkon Nuwamba, ya kamata ya fara daftari a hutun Agusta, zagaye na gama-gari kuwa yakan rufe a farkon Janairu. Wa'adin Oxford da Cambridge da mafi yawan kwasa-kwasan likitanci shi ne 15 ga Oktoba da ƙarfe 6 na yamma agogon Birtaniya, wanda a wannan ranar daidai yake da agogon Najeriya da Nijar, kuma UCAS ba ta karɓar takarda sai wasiƙar malami ta shiga, don haka a sanar da malamin tun da wuri. A rubuta muƙalar a wani wuri daban a adana, sannan a liƙa ta a akwatin fom, a duba ko sakin layi bai haɗe ba kuma ƙarshenta bai yanke ba. A tura kwana uku ko huɗu kafin wa'adi, saboda ɗaukewar wuta ko katin banki da ya ƙi biyan kuɗin fom ba uzuri ba ne da dandalin zai saurara.