Darasi na 7: Me Ke Kawo Lalurar Galahanga?

Daga Fagge zuwa Gwale, da wuya ka rasa gidan da yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba. Ka kira sunansa ba zai waiwayo ba, alhali da an motsa ledar biskit a tsakar gida zai ji. Yana jera murafan kwalba ɗaya bayan ɗaya, in aka taɓa guda sai kuka. Ƙarar injin markaɗe kan sa ya toshe kunnuwa. Waɗannan suna daga cikin alamomin galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano ta a yara maza.

Wasu kan ce ɗan ruwa ne, wasu su ce sammun kishiya. Sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi, kuma wannan zalunci ne. Lalurar tana farawa ne daga yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ciki.

Babban dalili shi ne gado. Masu bincike sun lura da tagwaye masu kama ɗaya: idan Hassan yana da lalurar, galibi Husaini ma yana da ita. Ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki suna da yawa ƙwarai, suna zuwa ta wajen uba, suna zuwa ta wajen uwa. Wani lokaci ma canjin ƙwayar gadon a jikin yaron ya fara, babu shi a iyayen duka biyu. Don haka in uwar miji ta ce, "Wannan ba daga danginmu ba ne," a amsa mata cikin ladabi: "Hajiya, likita ya ce ba laifin kowa ba ne."

Akwai abubuwan da kan ƙara yiwuwar samunta: haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ta hana jariri isasshiyar iska, ciwon suga a lokacin ciki, da manyantar iyaye. Haka kuma maganin farfaɗiya mai suna balfurowet idan mai ciki tana sha. Amma kada ta daina da kanta, ta je wurin likita tukuna.

Allurar rigakafi ba ta kawo galahanga. A 1998 wani likita a Ingila ya yi iƙirarin cewa tana kawo ta. A 2010 aka janye rubutun nasa, aka kuma hana shi aikin likita. Alamomin kan fito fili ne a shekarun da ake kai yara rigakafi, shi ya sa ake zargin allura. Mu Kanawa mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003: yara da yawa sun shanye.

Galahanga ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Yaron kan haɗa da rashin natsuwa mai tsanani, ko wahalar karatu, ko rashin barci, ko farfaɗiya, domin wasu ƙwayoyin gadon nasu ɗaya ne. Farfaɗiyar kuwa ba lallai ta kayar da shi ba. Yana cikin cin tuwo sai ya ƙame, idonsa a kafe na 'yan daƙiƙu, sannan ya ci gaba. Wannan tana da magani a asibiti. Galahanga kanta ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita, a yi hattara da masu tallan magani a lasifika. Koyar da magana da horo tun da wuri su ke taimakawa.

Aiki: Idan akwai irin wannan yaro a gidanku, ku rubuta a littafinku watan da ya fara tafiya, kalmomin da yake faɗa, yadda yake barci, da ko yana ƙamewa. Ku tafi da littafin Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku karanta wa likita da bakinku.